Igiyar Hawa: Abin da Sunan Likkafa a Turanci Ya Faɗa

Wasu na cewa kalmar Turanci "stirrup", wato likkafa, haɗin "stir" ce da "up", wai zaburar da doki. Ba haka ba ne. A tsohon Turanci "stigrap" ake cewa: "stig" daga aikatau mai nufin hawa, "rap" kuwa igiya. Ke nan, igiyar hawa. Mu ma tamu likkafar aro ce daga Larabci, "rikab", wadda tushenta ke nufin hawan dabba.

Ka lura, sunan bai ambaci yaƙi ba. A nan ne muke da ja da littafin Lynn White na 1962, "Medieval Technology and Social Change". Shi dai cewa ya yi likkafa ce ta ba mahayi damar dafe mashi ya soki abokin gaba da ƙarfin doki, don haka Charles Martel, a ƙarni na 8, ya riƙa raba wa barade filaye su ciyar da dawaki, daga nan tsarin mulkin masu ƙasa ya kafu a Turai. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa har gobe ake maimaita shi.

Sai dai shaidu ba su bi shi ba. Wani mutum-mutumin mahayi na shekarar 302, da aka tono a Changsha ta ƙasar Sin, likkafa ɗaya tak gare shi, a hagu, ƙafarsa ma ba ta ciki. Matakala ce kawai. Mutanen Avar kuma sun shigo da likkafar ƙarfe Turai tun ƙarshen ƙarni na 6, fiye da shekara 100 kafin Martel, amma ba a ga juyin nan take ba. A 1970 Bernard Bachrach ya nuna cewa hujjojin da ke danganta Martel da wannan sauyi raunana ne.

To amma kada mu ma mu zaƙe. Kalma tana nuna yadda mutane suka fahimci abu ranar da suka raɗa masa suna. Ba ta tabbatar da shekarar ƙirƙira, ko cewa likkafar farko a Ingila ta igiya ce. Wannan aikin masu tonon kayan tarihi ne.

White ya yi daidai da ya ɗauki ƙaramin ƙarfe da muhimmanci. Kuskurensa shi ne ɗora masa nauyin daula.