Awa guda da gwaggon biri, dala 1,500

Attajiran Turai da Amurka sun ƙoshi da otal mai hawa ashirin. Abin da ake tallata musu yanzu shi ne yawon buɗe ido mai ɗorewa: ɗakuna kaɗan a bakin daji, lantarkin hasken rana, da alkawarin cewa kuɗinsu zai raya dabba da mutum.

Ruwanda ta ƙware a wannan ciniki. A 2017 ta ninka kuɗin izinin ganin gwaggon birin tsauni daga dala 750 zuwa 1,500, na awa guda tak, ta kuma ɗaga kason ƙauyukan kewaye zuwa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shiga. Kada mu yi rowar yabo: birin da aka kusa fid da rai da shi ya haura dubu.

Amma mu leƙa maƙwabciyarta Yuganda, inda birin nan yake shi ma. A 1991 aka mai da dazuzzukan Bwindi da Mgahinga gandun gwamnati, aka fitar da Batwa, waɗanda suka rayu cikinsu tun kaka da kakanni, akasarinsu ba diyya. Yau suna komawa Mgahinga a matsayin ƴan rakiya: su nuna wa baƙo yadda ake murza itace a sami wuta, yadda ake ɗebo zuma, su yi waƙa cikin kogon Garama, kafin dare su fita. Takardun talla suna cika baki da cewa baƙo zai ga al'ada ido da ido. Ba su cika faɗin cewa mai nunin ba ya da izinin kwana a dajin kakanninsa ba.