Bariki uwargida: sharhi a kan fim ɗin «Tant qu'il y aura des hommes»

Duk wanda aka ambata wa wannan fim, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne hoton nan na bakin teku: namiji da mace kwance a kan rairayi, igiyar ruwa tana wanke su. Hoton ya yi suna har ya rufe sauran fim ɗin, ya sa aka jera shi cikin labaran soyayya. To amma wanda ya zauna ya kalle shi a natse zai tarar cewa soyayyar da ta fi ƙarfi a cikinsa ba ta namiji da mace ba ce. Soyayya ce ta soja da bariki, kuma ita ce ke cinye sauran.

Fim ɗin, wanda sunansa na asali «From Here to Eternity», ya fito a Amurka cikin watan Agusta na 1953, kwanaki kaɗan bayan an tsagaita wuta a yaƙin Koriya. Fred Zinnemann ne ya ba da umarni, Daniel Taradash kuma ya tsara labarin daga littafin James Jones na 1951. Shi Jones ba da jita-jita ya yi rubutu ba: soja ne a barikin Schofield da ke tsibirin Oahu na Hawai, yana can kuma ranar 7 ga Disamba 1941 da jiragen Japan suka kai hari Pearl Harbor. Fim ɗin ya lashe kyautar Oscar guda 8.

Labarin yana farawa da zuwan Prewitt (Montgomery Clift) wata sabuwar ƙungiya a barikin. Gwanin busa begila ne, kuma ɗan dambe, sai dai ya rantse ya bar dambe tun ranar da ya makantar da abokinsa wajen gwaji. Kapitan Holmes kuwa yana neman ƙarin girma ta hanyar gasar damben sojoji, don haka da Prewitt ya ƙi, sai ya sakar masa ƙananan shugabanni su gallaza masa: aikin wahala, tafiya da kaya a rana, tonon rami a sake cike shi. A gefe guda ga sarjan Warden (Burt Lancaster), wanda shi ne ke riƙe da ƙungiyar a zahiri, ya faɗa son Karen (Deborah Kerr), matar kapitan ɗin. Prewitt shi ma ya kamu da son Alma (Donna Reed), wadda ke aiki a gidan shaƙatawar sojoji a Honolulu.

A nan ne gwanintar fim ɗin take. Matan nan biyu kowace ta ɗauka da wata mace ko da talauci za ta yi kishi, ashe da bariki ne. Karen, wadda sakacin mijinta ya jawo ta rasa jaririnta har ta daina haihuwa, ta nemi abu guda daga Warden: ya nemi zama hafsa, ta fita daga aurenta su yi nasu. Warden ya yi ta jan ƙafa, domin ya tsani hafsoshi, kuma bai san kansa ba sai a matsayin sarjan. Alma kuwa ta ga irin wulaƙancin da ake yi wa Prewitt, ta yi mamakin yadda har yanzu yake ƙaunar aikin. Amsarsa ita ce zuciyar fim ɗin: maraya ne shi, ya bar gida yana da shekara 17, bai taɓa samun wurin da ake kiransa nasu ba sai soja; kuma a ganinsa son abu bai wajabta wa abin ya so ka ba. Wato dai bariki ce uwargida, Karen da Alma amare ne da suka tarar an riga an raba kwana.

Zinnemann bai bar wa baki kaɗai wannan magana ba. Bayan da abokin Prewitt, Maggio (Frank Sinatra), ya gudo daga gidan kaso inda sarjan Judson ya yi ta dukansa, ya cika a hannun Prewitt, sai shi Prewitt ya fito filin bariki da dare ya busa masa begilar makoki, hawaye na zuba. Sojoji suka farka a gadajensu suka yi tsit. Babu wani wuri a fim ɗin, har da na bakin teku, da ya kai wannan taushi. Abin lura kuwa shi ne da kayan busar barikin da ta kashe abokinsa yake yi masa kuka, don ba shi da wani harshe.

Yaƙin kansa sai kusa da ƙarshe yake shigowa. Kafin nan mai kallo ya riga ya hango kalanda a bango tana nuna 6 ga Disamba, ya san abin da mutanen ciki ba su sani ba. Prewitt, wanda ya kashe Judson da wuƙa ya ɓuya a gidan Alma da rauni a jikinsa, da jin hari sai ya miƙe zai koma ƙungiyarsa. Alma ta roƙe shi, har ta yarda da auren da ta daɗe tana ƙi. Ya fita cikin duhu, masu sintiri na ɓangarensa suka harbe shi. Ba harsashin Japan ne ya kashe shi ba.

Sai dai kuma fim ɗin yana da rauni, kuma raunin ya taɓa ainihin maganarsa. Domin a sami izinin ɗaukar hoto a Schofield, da kuma tsallake masu tace finafinai na lokacin, an sassauta littafin. A wajen Jones, kapitan Holmes ƙarin girma ya samu. A fim kuwa manyansa sun gano shi sun tilasta masa ajiye aiki. Ba a nuna dukan gidan kaso ba, an kuma ɗora laifin a kan mugun mutum guda. Gidan karuwai ya koma gidan rawa. Da haka sai zaluncin da Jones ya gani a matsayin ɗabi'ar tsarin ya zama kuskuren mutum biyu da hukuma ta gyara. Bugu da ƙari, ƴan asalin Hawai, waɗanda Amurka ta haɗe ƙasarsu a 1898, kusan ba su da murya: tsibirinsu ado ne kawai a bayan masoya. Mai kallon da ya san tarihin barikokin mulkin mallaka ba zai kasa lura da wannan shiru ba.

Duk da haka, ƙarshen fim ɗin ya fanshi abin da aka sarayar. Karen da Alma sun haɗu a jirgin ruwa mai barin Hawai, ba su san juna ba. Alma ta ce saurayinta matuƙin jirgin yaƙi ne, ɗan babban gida, ya mutu jarumi ranar harin. Da ta faɗi sunansa, Karen ta gane ko wane ne, ta yi shiru. Ƙaryar Alma ba ta rashin kunya ba ce. Gaskiyar ce ba ta ɗaukuwa, wato a ce mutumin da ya fi kowa son soja, soja ne ya harbe shi bisa kuskure. Warden kuwa yana can bariki, yana shirya mutanensa. Wanda ke neman labarin masoya zai sami rabonsa a wannan fim, amma abin da zai rage masa a zuci shi ne tambayar da Alma ta kasa amsawa: me ke sa talaka ya ba da ransa ga gidan da bai taɓa koyon sunansa ba?