Sojan Bama Da Alƙalamin Bahaushe: Sharhi A Kan Littafin Burma Boy

Littafin da muka ɗauko mu duba a wannan fitowa da Turanci aka rubuta shi, kuma mun san ba za a rasa 'yan ƙungiya da za su ce me ya kawo shi filin adabin Hausa ba. Dalilinmu shi ne, mutanen da ke cikinsa namu ne, Hausa suke yi da juna a fagen fama, amma sai da wani ya zo ya ba da labarinsu da harshen da su kansu ba su ji sosai.

Marubucin, Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan ne, an haife shi a 1967, ya rasu a 2022. Ya fitar da Burma Boy a 2007. Mahaifinsa na cikin waɗanda aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suka fi sani da yaƙin Hitila, kuma labaran da ya ji a gida su ne tushen littafin. Tauraron labarin shi ne Ali Banana, yaro ɗan koyon ƙira wanda bai wuce shekara goma sha huɗu ba, ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Ya faɗa hannun Samanja Damisa, tsohon hannu mai riƙe yaransa kamar 'ya'yan cikinsa, aka kai su sansanin da Turawa suka laƙaba wa suna White City, inda sojan Japan ke kawo musu hari dare bayan dare. Wannan ɓangare ba ƙage ba ne. A 1944 an cire bataliya uku na sojan Nijeriya aka haɗa su da rundunar Janar Wingate mai suna Chindit, wadda aikinta shi ne kutsawa bayan abokan gaba. Sunan nan ne ke kan barikin Chindit na Zariya, kamar yadda Dodan da Arakan da Myohaung na Legas duk sunayen wurare ne a Bama.

Inda littafin ya fi ƙarfi a ganinmu shi ne wajen harshe. A wancan zamani Hausa ce harshen bariki, da ita Bature ke ba da umurni, da ita Batibi da Babarbare da Bazabarme ke hira. Bandele bai ɓoye wannan ba. Ya bar samanja da farabiti da kyaftin da janar yadda bakin soja ya tanƙwara su, ya bar Sarkin Ingila da sunan da sojojin ke kiransa. Mai karatu Bahaushe yakan ji kamar akwai wata Hausa kwance a ƙarƙashin Turancin, wadda Bature mai karatu ba zai ji motsinta ba. Haka kuma marubucin bai mai da mutanensa jarumawan tatsuniya ba. Suna jin tsoro, suna gardama a kan abin da bai taka kara ya karya ba, suna ba'a a cikin rami alhali gawa na ruɓewa a jikin waya kusa da su. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon soja ya san haka suke ba da labari, da dariya a inda kake jiran kuka.

To amma akwai abin da bai kwanta mana ba. Na farko, surutun Ali Banana ya yi yawa, kuma sau da dama an ja shi ne don a ba mai karatu dariya. Yaron da ke jero karin magana a gaban hafsa ba tare da sanin inda ya dosa ba yana da daɗin karantawa, sai dai in aka matsa, ya koma irin hoton nan na ɗan Arewa mai wauta da zuciya ɗaya wanda muka gaji da gani. Sai can wajen ƙarshe, bayan an hallaka abokansa ya dawo sansani shi kaɗai hankalinsa a gushe, sannan ya zama cikakken mutum. Na biyu, an buɗe littafin da Wingate a Alƙahira, shafuka masu yawa kafin mu ga fuskar baƙin mutum ko ɗaya. Wannan zubi ya nuna mana waɗanda aka fara yi wa rubutun.

Babban giɓin kuwa shi ne, labarin ya ƙare a dajin Bama. Ba mu ga gida ba. Alhali yaƙin nan an yi shi a gida kamar yadda aka yi shi a can. Da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzarta, sai aka kafa aikin tilas a ma'adinan Jos daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗibar talakawa daga ƙauyuka ta hannun hakimai da dagatai, sanyi da cuta suka kashe da yawa. A daidai wannan lokaci ne aka yi yunwar da mutanen ƙasar Sakkwato ke kira 'Yar Gusau, kuma mu nan Birnin Kebbi da Argungu a lardin Sakkwato muke a lokacin. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939 Abubakar Imam na edita, ita ce ke kawo labarin fagen fama, mai ilimin boko ɗaya ya karanta wa mutum ashirin a gindin bishiya. Ina matar da aka ɗaura wa aure wata uku kafin a tafi da mijinta, ta zauna shekara uku ba ta san ko ta yi takaba ko ta ci gaba da jira ba? Ina uwar da ke bin mai karanta jarida tana tambaya ko an ambaci ɗanta? Ba mu ɗora wa Bandele laifin wannan duka ba, domin ba shi ya ɗauki alkawarin rubuta shi ba. Tambayar tamu ce.

Idan muka waiwayi abin da ke rumbunmu, za mu ga sojan nan ya shigo adabin Hausa, amma kusan kullum wani ne ke magana a kansa. Malam Sa'adu Zungur ya yi "Maraba Da Soja" don tarbar waɗanda suka dawo, waƙa ce mai ƙarfi, sai dai manufarta ta wuce sojan, ta nufi batun 'yanci da halin da ƙasa ke ciki. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 mawaƙan baka da marubuta waƙa, ciki har da Alhaji Aƙilu Aliyu, sun yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwa da zuga. Wannan shi ne aikin da lokacin ya nema, ba mu raina shi ba. A ƙagaggen labari kuwa, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, shi ne ya fi kusantar abin da yaƙi ke bari a zuciyar mutum, amma ta ƙofar ta'addanci da zubar da jini ya shiga. Wato dai ko dai a yi wa soja kirari, ko a ji tsoronsa. Tsohon nan da ya dawo ya kama gadi ko ya zama ɗan doka, wanda ke firgita cikin barci, yara na tsokanarsa a unguwa, bai sami mai zama ya saurare shi da alƙalami ba.

Abin ya fi ba mu mamaki a nan Kebbi. Gidan tarihi na Kanta a Argungu ya adana kayan yaƙin Kabawa, kuma ɗalibanmu na sakandare kan iya ba ka labarin Kanta da Surame. Ka tambaye su Bama, sai su yi shiru, ko da kuwa kakan wani daga cikinsu ya je. Masarautar Gwandu ma sarakunanta biyu a jere, Alhaji Mustafa Jokolo da Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar, duk tsofaffin hafsoshin soja ne. Ba za a ce aikin soja baƙo ne a ƙasar nan ba.

Na Bama dai kusan sun ƙare, domin wanda ya tafi yana ɗan shekara 18 a 1944 an haife shi ne a 1926. Abin da ya rage sai lambobin yabo a ƙasan adaka da abin da 'ya'yansu suka riƙe. Amma na yaƙin basasa suna nan da sauransu, ana ganinsu ran 15 ga Janairu wajen bikin tunawa da 'yan mazan jiya, sanye da tsohuwar hula, a ajiye furanni a watse. Ga masu tasowa a cikinmu da ke cewa sun rasa jigo in ba soyayya ba, shawararmu ita ce su sami ɗaya daga cikin dattawan nan, da rikoda ko da littafi da biro. Kada a fara da tambayar mutum nawa ya kashe, wannan tambaya takan rufe bakinsu. A tambaye shi abin da ya ci a hanya, da wanda ya rubuta masa wasiƙa, da yadda ya sami gida ran da ya dawo. In an gama da shi, a nemi izini a shiga cikin gida a ji ta bakin uwargida.