Kagara a cikin Shaihu Umar

A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, Kagara ce mahaifar Umar, yaron da aka sace, bauta ta tsallaka da shi Sahara. Mun karanta shi a makaranta kamar labarin zamanin da, sunan garin bai taɓa tsayar da mu ba. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 27 daga makarantar kimiyya ta Kagara, jihar Neja. Tun daga nan sunan ya yi nauyi. Ko harafi bai sauya a littafin ba, amma yanzu hankalinmu ya koma kan mahaifiyar Umar, wadda ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta.