Wa Ya Girma, Wa Ya Biya? Tarken Taurari a Shirin Your Lie in April

Tambayar da mafi yawan masu karatun labaran soyayya suke yi idan labari ya ƙare ita ce: an ɗaura auren ko ba a ɗaura ba? A ganina akwai tambayoyi biyu da suka fi wannan nauyi a wurin manazarci, wato wane tauraro ne soyayyar ta sauya wa hali, kuma wa ya ɗauki asarar wannan sauyi. Da su zan auna shirin zane mai motsi na ƙasar Japan, Shigatsu wa Kimi no Uso, wanda aka fi sani da Your Lie in April, ma'ana ƙaryarki ta watan Afrilu.

Naoshi Arakawa ne ya ƙago labarin a littafin zane, kamfanin A-1 Pictures kuma ya mayar da shi shiri mai kashi 22, aka nuna daga Oktoban 2014 zuwa Maris ɗin 2015. Irin waɗannan shirye-shirye da ake kira anime sun shiga wayoyin matasanmu na Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da fassarar fina-finan Indiya. Abin da matasa ke zubar wa hawaye kuwa ya cancanci a yi masa tarke.

Babban tauraron shi ne Kosei Arima, ɗan shekara 14, gwanin kaɗa fiyano. Mahaifiyarsa marar lafiya ce ta horar da shi da tsawa da duka, har wata rana ya gaya mata cewa gara ta mutu, ba da jimawa ba kuwa ta rasu. Tun daga nan, da zarar ya yi nisa cikin kiɗa sai ya daina jin sautin da yatsunsa ke fitarwa. A nan ƙarfin shirin yake, domin shingen da ke gaban tauraro a cikin ƙirjinsa aka gina shi. Idan muka duba In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, za mu ga dangi da dukiya ne suka shiga tsakanin Sumayya da Muhammad. Masoyan sun sha wuya, har Sumayya ta faɗa rijiya, amma son da suka fara da shi da halin da suka zo da shi su suka kai ƙarshe. Kosei kuwa ba shi da wani attajiri abokin takara. Tsoro da nadama yake yaƙa, mai kallo kuma yana ganin yadda yake cin su da kaɗan-kaɗan, daga wannan gasa zuwa waccan.

Wadda ta jawo shi daga wannan rami ita ce Kaori Miyazono, mai kaɗa gogen Turawa, yarinya mai fara'a da tsiwa. Ta nuna abokinsa Watari take so, alhali ƙarya ce ta shirya domin ta kusanci Kosei, wanda kiɗansa ya kama zuciyarta tun suna ƙanana. Ba a bayyana haka ba sai a kashin ƙarshe, cikin wasiƙar da ta bari bayan ta rasu a ɗakin tiyata. A nan ne nake da ja da shirin. Kusan duk abin da Kaori ta yi, domin Kosei ta yi shi. Ta bar fiyano ta koma goge don wata rana su yi kiɗa tare, ta amince da aikin tiyata mai haɗari don ta sake hawa dandamali da shi. Ko sunan cutar da ta kashe ta ba a ambata ba. Ta zama tamkar kyandir, ta haska wa wani hanya ita kuma ta narke.

Wani zai ce ai wasiƙar ta nuna Kaori ce ta zaɓi rayuwarta, tun ranar da ta ga iyayenta suna kuka a asibiti ta gane kwananta ya kusa ƙarewa. Gaskiya ne, kuma wurin da ta fashe da kuka a saman benen asibiti tana faɗin tsoronta yana cikin mafi kyawun sassan shirin. Sai dai girman Kosei an shimfiɗa mana shi cikin kashi 22, nata kuwa an dunƙule shi cikin mintoci kaɗan, bayan an riga an binne ta. Labarin sauyinta muka ji, ba mu gan shi ba, kuma gani ya kori ji.

Tauraruwar da aka yi wa adalci ita ce Tsubaki, maƙwabciyar Kosei tun yarinta, wadda ta ɗauke shi kamar ƙani. Mun ga musunta da kishinta, mun ga ta gwada son wani ta kasa, har ta yarda da abin da ke ranta. Ba ta bukaci mutuwa ba kafin ta taɓa zuciyar mai kallo.

A wannan fage adabinmu yana da abin da zai koya wa shirin. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta, saurayinta ya guje ta saboda rashin ilimi, aka yi mata auren dole da Sarkin Noma. Ta gudu, ta nemi ilimi, ta tsaya da ƙafarta. Ita ta sha wahalar, ita kuma ta ci ribarta.

Saboda haka marubucinmu na yau zai iya aro dabarar Arakawa ta gina shinge a cikin zuciyar tauraro, domin tana ba labari zurfin da auren dole kaɗai ba zai ba shi ba. Amma ya riƙe darasin Balaraba, kada ya ƙirƙiro mace don ta warkar da namiji kawai sannan ya kashe ta. Yawancin masu karanta littattafan soyayya a Kano mata ne, kuma suna da haƙƙin su ga tauraruwar da ta girma ta kuma rayu ta amfana da girmanta.