Ɗan Gida a Fagen Bincike: Tsokaci a kan Kundayen Tarihin Malamai

Akwai nau'in kundi da ya yawaita a sassan nazarin addinin Musulunci: ɗalibi ya zaɓi malamin garinsu, ya rubuta rayuwarsa da gudummawarsa. Zaɓin ba abin zargi ba ne. Ɗan Madachi da ke bincike a ƙasar Rano da Kibiya yana shiga zauren da baƙo ke tsayawa a ƙofarsa, ana kwance masa gafakar littattafan kakanni, ya kuma san wanda ya yi karatu gaban wane. Malaman hadisi ma sukan fifita hukuncin mutanen gari a kan mai ruwayar garinsu.

Illar tana cikin abin da ake tsallakewa. Wanda ɗalibin ke yi wa tambaya malaminsa ne ko surukinsa, kuma bayan an kare kundi, a bayansa zai ci gaba da bin salla. Sai kunya ta riƙe alƙalami. Jayayyar limanci, ko saɓanin 'yan ɗariƙa da Izala tun kafuwarta a Jos a 1978, sai a dunƙule su a jimla guda ko a shafe su. Abin da ke fitowa yabo ne, ba tarihi ba, kuma shi ɗaliban gobe za su kafa hujja da shi.

Ibn Khaldun ya sanya ɓangaranci a farkon dalilan da ke shigar da ƙarya cikin labarai. Magabata kuwa sun nuna cewa kusanci ba uzuri ba ne. Aliyu bn al-Madini, malamin Bukhari, ya raunana ruwayar mahaifinsa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a Tazyinul Waraƙat na 1813, ya rubuta son duniya da ya gani a cikin jama'ar jihadi, alhali shi ƙanin Shehu ne kuma wazirinsa.

Don haka wajibi ne mai bincike ya bayyana dangantakarsa da malamin tun a gabatarwa, ya saurari waɗanda suka saɓa masa, ya rarrabe abin da ya gani a rubuce da abin da ya taso yana ji a gida. Aibin da bai shafi ilimi ba, suturce shi ladabi ne. Wanda ya shafi ruwaya ko fatawa, ɓoye shi cin amana ne.