Jinjina ga Masu Adana Allunan Stanley Green

Aikin adana kayan tarihi sana'a ce ta haƙuri da hangen nesa, domin mai yin ta yakan gane darajar abu tun mutane suna yi masa kallon tarkace. Hakan ya tabbata a Gidan Tarihi na Landan, inda aka taskace allunan Stanley Green, mutumin da ya yi ta zirga-zirga a titin Oxford daga 1968 har rasuwarsa a 1993, yana ɗauke da allunan yana kira da a rage cin furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake, wanda a ganinsa shi ke rura wutar sha'awa.

Masu wucewa da dama sun ɗauke shi mai baƙon hali, amma ma'aikatan gidan sun duba aikin hannunsa: manyan haruffa farare a kan allo mai duhu, waɗanda ake iya karantawa daga nesa cikin cunkoso, da ƙasidar da yake bugawa da injinsa a gidansa na Northolt. Waɗannan duka suna cikin tarihin fasahar zayyana, wato nazarin yadda ake tsara rubutu da siffa domin isar da saƙo.

Aikin waɗannan ma'aikata ɓoyayye ne: share ƙura a tsanake, kare fenti daga laima da hasken rana, da rubuta asalin kowane allo. Ba don su ba, da tarihin zayyana ya zama na kamfanoni da ƙwararru kaɗai, hannun mutumin kan titi kuwa ya ɓace. Sun cancanci jinjina.